Sha-kauci: ɗan tsuntsun fure da ake gani daga Khaddamari har kurmin Kudu

Duk wanda ya taso a Arewa ya san wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai siririn baki a lanƙwashe, wanda ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana tsalle daga wannan fure zuwa wancan yana 'yar ƙara. Shi ne Hausawa ke kira sha-kauci. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Sabon Ibadan, Shagamu, Agege da Fatakwal suna ganinsa a kan gwanda ko zogalen bayan gida, amma ba su san dangin wancan na gida ba ne, don na Kudu launinsa ya ɗan bambanta. Wannan bayani ne kan inda tsuntsun ke zama, abin da yake ci, yadda yake hayayyafa, da kuma ruwansa da kaucin da ke addabar gonakin goro da koko.

Sunansa da danginsa

Sunan ya fito ne daga kauci, tsiron nan da ke fitowa a kan reshen wata bishiya yana shan ruwan jikinta. Mutanen da suka lura cewa duk inda kauci ya yi fure, to wannan tsuntsu na nan yana zura baki, sai suka laƙaba masa sunan. Turawa suna ce masa sunbird, wato tsuntsun rana, saboda yadda gashin namijin ke walƙiya idan rana ta haske shi.

A wurin masana, sha-kauci sunan dangi ne guda da ake kira Nectariniidae, mai nau'i kusan 150. Mafi yawansu a Afirka suke, saura kuma sun bazu daga Gabas ta Tsakiya zuwa Indiya, kudu maso gabashin Asiya, har arewacin Ostireliya. A Najeriya kaɗai akwai nau'i fiye da 20, kuma mafi yawansu a kurmin Kudu ne.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a shafukan Facebook, inda za a sa hoton sha-kauci a ce hummingbird ne. Wancan tsuntsun nahiyar Amurka ne kaɗai, babu shi a Afirka. Sun yi kama ne don abincinsu ɗaya, amma ba dangi ba ne. Hummingbird a iska yake tsayawa ya sha fure. Sha-kauci kuwa ya fi son ya sauka a kan reshe ya sha a natse, ko da yake yakan iya tsayawa a iska na ɗan lokaci idan babu wurin dafawa.

Yadda za ka gane shi

Ƙananan cikinsu tsawonsu bai wuce santimita 10 ba, nauyinsu kuma ƙasa da giram 10. Manyan sukan kai santimita 14 zuwa 15. Bakin siriri ne, mai tsini, ya ɗan lanƙwasa ƙasa. Harshen dogo ne, a naɗe kamar tsinken shan lemo, bakinsa kuma a rarrabe yake, da shi yake zuƙo ruwan zaƙin da ke can ƙasan fure.

A yawancin nau'o'in namiji ne mai ado: kore, shuɗi, ja ko shunayya masu sheƙi kamar sabon ƙarfe. Wannan sheƙi ba daga rini yake zuwa ba, daga yadda gashin ya ginu ne, hawa-hawa, yana mayar da haske. Shi ya sa za ka gan shi a inuwa ka rantse baƙi ne, da ya juya rana ta same shi sai ka ga kore shar. Macen kuwa launinta toka-toka ne ko kore mai duhu, cikinta ya ɗan yi rawaya. Rashin adon nata kariya ce, tun da ita ke kwanci. A wasu nau'o'in namiji kan zubar da gashin ado bayan lokacin hayayyafa ya koma kusan kamar mace, har mutum ya ɗauka mazan sun ƙaura.

Na Khaddamari da kewayen Maiduguri

Khaddamari ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Jere a jihar Borno, arewa maso gabas da Maiduguri. Ƙasa ce ta sahel, damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba. Sai dai yankin na da abin da ya bambanta shi da sauran sahel: kogin Ngadda da ya ratsa Maiduguri yana zubewa ne a fadamar Jere, inda mutanen Zabarmari da ƙauyukan kewaye ke noman shinkafa. Wannan danshi, da lambunan mangwaro, gwaiba da lemo, da dogon yaron da ya cika titunan Maiduguri, su suka ba sha-kauci wurin zama a ƙasar da ba kurmi ba.

Nau'i uku ne aka fi gani a wannan yanki. Sunayen Hausar da muka sa a nan na siffantawa ne kawai, don duka sha-kauci ake ce musu.

Na farko shi ne mai dogon bindi, Cinnyris pulchellus. Namijin kore ne mai sheƙi, da jan tabo a tsakiyar ƙirji, gefe da gefen jan kuma rawaya, ga gashin bindi biyu da suka zarce saura. Shi ne ɗan gida a lambuna da tsakar gidaje, kuma da damina yake sheƙa.

Na biyu shi ne ɗan ƙarami mai rawayan ciki, Hedydipna platura. Bakinsa gajere ne idan aka kwatanta da 'yan uwansa, shi ma namijin na da dogayen gashin bindi biyu. Al'adarsa ta saɓa wa yawancin ƙananan tsuntsayenmu, don da rani yake hayayyafa. Ɗan ci-rani ne sosai: idan rani ya kama yakan gangara kudu kaɗan ya yi sheƙa, damina na faɗuwa ya sake hawowa arewa.

Na uku shi ne mai jan ƙirji, Chalcomitra senegalensis. Ya fi waɗancan girma, jikinsa baƙi-baƙi, ƙirjin ja wur, goshi da maƙogwaro kore. Mafaɗaci ne, yakan kori ƙananan daga bishiyar da ya kama.

Rayuwarsu a nan tana bin jerin furanni. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da kaka, yana fure daidai lokacin da ciyawa ke bushewa. Bagaruwa da sauran itatuwan ƙaya suna da nasu lokacin. Tumfafiya da zogale kusan ba sa rabuwa da fure. Dogon yaro kan yi nasa fararen furanni masu ƙamshi cikin bazara. Kauci kuma yana cike giɓin da ke tsakani. Idan aka cire ɗaya daga wannan jeri, to akwai watan da tsuntsun zai rasa abin sha, dole ya bar wurin.

Na kurmin Kudu

A Kudu, inda ruwan sama a wuri kamar Legas ke haura milimita 1,500 a shekara, nau'o'in sun fi yawa, kuma kowanne da hawan da ya zaɓa a cikin daji.

A can ƙasa cikin duhun kurmi akwai Cyanomitra olivacea, wanda ba shi da sheƙi ko kaɗan, kore ne mai duhu, namiji da mace kusan iri ɗaya. Yana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a ƙarƙashin manyan itatuwa a dazuzzuka irin Omo a jihar Ogun, Okomu a jihar Edo, da gandun dajin Kuros Riba. Ka fi jin muryarsa fiye da ganinsa, 'yar waƙa ce siririya da ke sauka a hankali.

A bakin kurmi, gonakin koko da tsofaffin saurukan da suka fara komawa daji, za ka ga Hedydipna collaris, ɗan ƙarami mai koren baya, rawayan ciki, da siririn zare na shunayya a wuyan namijin kamar ya sa sarƙa. Wannan ya fi cin ƙwari a kan shan fure, yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsinta, sau da yawa tare da ayarin wasu ƙananan tsuntsaye. Tare da shi akwai Cinnyris chloropygius, mai koren kai da jan ƙirji, wanda ke shiga har cikin lambunan gari.

Wanda ya fi su ado shi ne Cinnyris coccinigastrus, babba mai kai shunayya da ƙirji ja gauraye da shuɗi, ana ganinsa sosai a kewayen Ibadan. An san shi da zuwa kan bishiyar kwakwar manja yana shan ruwan da ke tsatsowa daga inda masu bammi suka tsaga. A bakin teku kuma, cikin itatuwan da ke tsaye a ruwan gishiri daga Legas zuwa Neja Delta, akwai nau'o'in da aka fi samun su a can.

Wanda ke son gani da idonsa bai buƙatar tafiya mai nisa. Cibiyar kare daji ta Lekki, wadda gidauniyar NCF ta buɗe a 1990, da dajin da ke harabar cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, duka wurare ne da ake samunsu. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi.

Ci da sha

Ruwan fure sukari ne zalla, yana ba da ƙarfi nan take amma ba ya daɗewa, shi ya sa tsuntsun ba ya hutawa. Idan fure ya yi masa zurfi har bakinsa bai kai ƙasa ba, sai ya huda shi ta gindi ya sha ta nan. Masu shukar fulawa a gida sukan ga irin wannan 'yar huda a gindin furensu.

Sukari kaɗai ba ya gina jiki. Don haka kowane sha-kauci yana cin ƙwari: gizo-gizo, ƙananan tsutsotsi, ƙudaje, da shinge idan ya tashi bayan ruwan farko. 'Ya'yansa kuma kusan da ƙwari zalla ake ciyar da su. Manomin lambu ya lura da wannan, don duk sheƙar da ke kusa da gonarsa tana rage masa tsutsa a kyauta.

Shi da kauci

Nan ne maganar ta fi shafar masu harkar goro, koko da lemo. Kauci, wanda Yarabawa ke kira afomo, yana soke saiwarsa cikin reshen bishiya ya riƙa janye ruwa da gishirin da ya kamata su tafi ga ganye da 'ya'ya. Idan ya yi yawa reshen kan bushe daga inda ya kama zuwa gaba, amfani ya ragu, wani lokaci bishiyar ta mutu. A Arewa an fi ganinsa a kan kaɗanya, ɗorawa, gawo da sauran itatuwan ƙaya, kuma masu maganin gargajiya suna kiran kowanne da sunan bishiyar da ya hau: kaucin kaɗanya, kaucin tsamiya, kaucin lemo. A Kudu nau'in da ake kira Tapinanthus bangwensis yana cikin manyan abokan gabar koko da goro.

Furen irin wannan kauci ya yi kama da tsinken ashana, dogo, ja, da ɗan kai a sama, kuma a rufe yake zama yana jiran tsuntsu. Da sha-kauci ya taɓa kan ko ya zura baki ta tsagar gefe, sai furen ya fashe ya watsa masa garin fure a goshi. Idan ya je fure na gaba sai ya goga wannan gari a can, barbara ta auku, kauci ya yi 'ya'ya.

Amma a lura da kyau: sha-kauci barbara yake yi, ba shi ne babban mai shuka kauci a kan itatuwa ba. Wannan aikin wasu tsuntsaye ne masu cin 'ya'yan itace, musamman wani ɗan guntun tsuntsu mai kaurin baki na dangin Pogoniulus, wanda ke wuni yana kuka iri ɗaya kamar maƙeri na dukan ƙarfe daga nesa. Shi ke haɗiye ɗan kaucin, ya amayo ƙwallon mai yauƙi, ya goge bakinsa a jikin reshe. Ƙwallon ya manne, ya tsiro.

Saboda haka harbin tsuntsaye ba ya maganin kauci. Abin da manoman koko da goro suka daɗe suna yi shi ne sarewa: a yanke reshen da ya kamu, ɗan ƙasa da kumburin da kaucin ya yi, don idan aka tsinke ganyen kawai zai sake tofowa daga ciki. An fi yin aikin lokacin da kaucin ke fure, saboda jan furen na tona masa asiri a cikin ganye, kuma bai riga ya yi 'ya'yan da za a yaɗa ba. Kuma aikin gayya ne. Idan ka share gonarka maƙwabcinka bai share tasa ba, baɗi ma za ka sake hawa bishiya.

Waƙa da faɗa

Waƙar yawancinsu sauri gare ta, siririya, kamar ana kaɗa ƙananan makullai. Namiji kan hau reshen da ya fi tsawo ya rera don shelanta cewa wurin nasa ne. Idan wata bishiya ta cika da fure, za ka ga maza na bin juna a guje, wanda ya fi ƙarfi ya tsare gefen da ya fi zaƙi. Wasu nau'o'in suna da 'yan tuntayen gashi rawaya ko ja a ɓoye ƙarƙashin fiffike, sai lokacin neman mace ko barazana suke baje su.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma bincike ya gaskata wannan a kan sha-kauci. Wani masani mai suna Llewellyn Grimes, wanda ya yi nazarin Cinnyris coccinigastrus a Legon kusa da Akara ta ƙasar Gana, ya wallafa a 1974 cewa mazan da ke zaune kusa da juna suna da salon waƙa iri ɗaya, wanda ya bambanta da na wasu mazan da ke ɗan nesa kaɗan. Wato su ma suna da karin harshe, kamar yadda ake gane Basakkwace da Bakano daga buɗe baki.

Sheƙa da ƙyanƙyasa

Sheƙar sha-kauci kamar 'yar jaka take, a rataye daga siririn reshe, ƙofarta a gefe, sau da yawa da 'yar rumfa a saman ƙofar. Macen ce ke ginawa da busasshiyar ciyawa, zaren ganye da ɓawon itace, ta ɗaure su da yanar gizo, ta gaske fa, ba ta intanet ba. Ciki kuma ta shimfiɗa audugar rimi, ta tumfafiya ko gashin tsuntsu. Daga waje takan maƙala busassun ganye da tarkace su riƙa lilo, ta yadda mai wucewa zai ɗauka shara ce iska ta rataye. Wasu sukan rataye sheƙar a jikin waya ko ƙarƙashin rumfar gida.

Ƙwai ɗaya ko biyu take yi, ta yi kwanci kimanin mako biyu ita kaɗai. Bayan ƙyanƙyasa namijin kan taya ta kawo abinci, 'ya'yan kuma su tashi cikin mako biyu zuwa uku. Abokan gaba sun haɗa da maciji, ƙadangare, ɓera da kyanwa. Akwai kuma wani koren tsuntsu mai farin ciki, Chrysococcyx klaas, wanda ba ya gina tasa sheƙar. Yakan faki ido ya saka ƙwansa cikin ta sha-kauci, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya ture na masu gida, iyayen su yi ta wahalar ciyar da ɗan da ya fi su girma.

Abin da ke barazana gare shi

Nau'o'in da muka lissafa ba sa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu a duniya. Matsalar ta gari-gari ce: tsuntsun kan ɓace daga wuri idan itatuwansa suka ɓace.

A kewayen Maiduguri, shekarun rikicin Boko Haram sun tara ɗimbin jama'a wuri guda, kowa kuma na buƙatar itacen girki da gawayi, sai itatuwan da ke kusa da gari suka sha gatari. Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta shafe unguwanni da gonaki a Maiduguri da Jere, kuma wanda ke neman inda zai kwantar da iyalinsa ba ta dashen bishiya yake ba. A Kudu kuwa kurmi ne ke komawa gonaki da gidaje, kuma nau'o'in cikin duhun daji ba sa iya zama a fili kamar na lambu. Ga feshin maganin ƙwari barkatai, wanda ke kashe abincin 'ya'yan. Ga kuma yara da danƙo.

Masu sana'ar tsuntsaye su ma su sani: sha-kauci ba kanari ba ne. Ba ya cin gero ko acca. Idan aka sa shi a keji aka ba shi ruwan sukari kaɗai, kwanaki kaɗan zai yi ya mutu. Asara ce ga mai saye, zalunci ne ga tsuntsun.

Abin da kowa zai iya yi

Wanda ke da ɗan fili a bayan gida, ko a Khaddamari yake ko a Idi-Araba, ya dasa zogale, gwanda, lemo ko gwaiba. Zai ci amfaninsu, tsuntsun ma ya samu nasa. A ajiye ruwa a faffaɗan kasko a inuwa, musamman cikin bazarar Arewa, a riƙa sauya shi kullum don kada sauro ya hayayyafa. Mai lambu ya guji feshi lokacin da shuka ke cikin fure, idan kuma ya zama dole, ya yi da yamma liƙis bayan tsuntsaye da ƙudan zuma sun tafi. Idan an ga sheƙa a rataye a rumfa, a bar ta, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki masu ita za su gama su tashi.

Matasa masu waya mai kyamara kuma suna da inda za su kai hotunansu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai daga kowace jiha ke rubuta nau'in da suka gani da wurin da suka gan shi. Wanda ya lura da ranar da ɗan ƙarami mai rawayan ciki ya iso garinsu da ranar da ya tafi, ya rubuta ya tura, ya taimaka wajen sanin yadda yanayin ƙasarmu ke sauyawa.